Iskar naitirojin a tayar tirela: riba ce ko ƙarin kashe kuɗi?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda albasa daga Galmi zuwa Kano, ko wake daga Damagaram zuwa kasuwar Dawanau, ko shanu daga Maigatari zuwa kudu, ya san irin faɗuwar gaban da ke zuwa idan waya ta yi ƙara cikin dare yaron mota ya ce taya ta fashe a tsakiyar daji. Albasa ba ta jiran kowa. Dabba kuma idan ta kwana biyu tsaye bisa mota cikin rana, ko da ta isa kasuwa da rai, ta riga ta rame, kuɗinta ya faɗi. Ranar kasuwa kuwa idan ta wuce sai wani mako, ga kuɗin mota, ga kuɗin duwan an riga an biya. Shi ya sa maganar taya ba maganar direba da mai faci kaɗai ba ce, ta shafi mai kaya kai tsaye, ko motarsa ce ko haya ya ɗauko.

A ƴan shekarun nan wasu manyan shagunan taya da gidajen mai a manyan birane sun kawo injin da ke zuba wa taya wata iska da ake kira naitirojin, wadda a allunan Faransanci ake rubuta sunanta azote. Idan an zuba ta sai a ɗaura wa bawul ɗin koren murfi domin a gane. Masu sayar da ita suna cewa taya ba za ta sace ba, ba za ta yi zafi ba, ba za ta fashe ba, mota za ta rage shan gazuwal, taya kuma za ta daɗe. Sauran direbobi kuma suna cewa duk wannan dabarar cin kuɗi ce, iska ai iska ce. Mun ga ya dace mu baje wannan magana a faifai, mu duba abin da gwaji ya nuna, sannan mu auna shi da irin hanyoyin da motocinmu ke bi, domin mai dukiya ya san inda zai sa kuɗinsa.

Mece ce naitirojin?

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, naitirojin ba baƙuwa ba ce. Iskar da muke shaƙa kullum, kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ce, kashi 21 oksijin, ragowar kashi 1 kuma wasu ƙananan iskoki ne, sai kuma tururin ruwa da ke ƙaruwa ko ya ragu bisa ga yanayi. Manoma da masu sayar da taki ma sun san ta, domin ita ce harafin N da ke jikin buhun NPK, ita ce kuma ƙarfin takin uriya. Ke nan tayar da mai faci ya cika da kwamfresarsa a tashar Jibiya ko ta Birnin Ƙonni, kusan kashi huɗu cikin biyar na abin da ke cikinta naitirojin ne tun asali.

Abin da injin shago ke yi shi ne tace iskar duniya, ya cire mafi yawan oksijin da laima, ya bar naitirojin kimanin kashi 93 zuwa 95, wani lokaci fiye da haka idan injin mai kyau ne kuma ana kula da matatarsa. Saboda haka abin da mutum ke biya wa kuɗi shi ne ƙarin kashi 15 ko 17 kan abin da yake samu a wajen mai faci, tare da bushewar iskar.

Amfanin cire oksijin ɗin na da tushe. Roba, komai kaurinta, iska na ratsa ta sannu a hankali ko da babu ƙusa ko ɗaya. Shi ya sa tayar da aka ajiye a ɗaki ba a taɓa ta ba, bayan wasu watanni sai a tarar ta yi laushi. Oksijin na ratsa roba da sauri fiye da naitirojin, kimanin sau uku zuwa huɗu. Har ila yau, oksijin ce ke sa ƙarfe tsatsa, ita ce kuma ke tsufar da roba har ta riƙa tsattsagewa. Wannan duk gaskiya ne. Abin tambaya shi ne, girman amfanin nawa ne?

Abin da gwaji ya nuna

Gani ya kori ji. Wata ƙungiyar kare haƙƙin masu saye a Amurka mai suna Consumer Reports ta yi gwaji a kan wannan batu, ta fitar da sakamakonsa a shekarar 2007. Ta ɗauki tayoyin ƙananan motoci iri 31, kowane iri guda biyu, ta cika ɗaya da iska ɗaya da naitirojin, duka a kan fam 30, ta ajiye su a fili tsawon shekara guda. Da aka auna, masu iska sun rasa fam 3.5 a matsakaici, masu naitirojin kuma sun rasa fam 2.2. Bambancin ke nan fam 1.3 a shekara guda cur, wato kimanin kashi 4 cikin ɗari na iskar da aka zuba.

A shekarar 2009 hukumar gwamnatin Amurka mai kula da lafiyar motoci bisa hanya ta fitar da nata rahoton. Ta tarar cewa tayar da aka cika da naitirojin tana rasa kimanin kashi biyu cikin uku na abin da mai iska ke rasawa, amma idan tayoyin biyu suna kan awo ɗaya, babu bambanci a yadda suke gungurawa. Wato naitirojin ita kanta ba ta rage shan mai. Abin da ke rage shan mai shi ne taya ta kasance a cike daidai awonta, ko da me aka cika ta. Kamfanin Michelin ma, wanda ƙera taya ce sana'arsa, ya bayyana cewa naitirojin ta dace da wuraren da ke da haɗari na musamman kamar jiragen sama da motocin tsere da manyan motocin haƙar ma'adinai, amma a aikin yau da kullum ba dole ba ce, kuma ba ta ɗauke wa mutum auna tayarsa.

A lura da kyau, tayoyin gwajin farko a ajiye suke, ba su taka ƙusa ba, ba su faɗa rami ba. Sacewar da naitirojin ke ragewa ita ce wadda ke bi ta jikin roba kawai. Wadda ke fita ta lalataccen bawul, ko ta bakin wilin da ya lanƙwashe, ko ta tsohon faci, ko ta ƙaramar ƙusa, ba ruwanta da irin iskar da ke ciki. A hanyoyinmu kuwa, irin wannan sacewar ce ta fi yawa.

Batun zafi

Maganar da ta fi jan hankalin direbobi ita ce cewa naitirojin iska ce mai sanyi, ba ta kumbura idan taya ta ɗauki zafi. Wanda ya bi kwalta tsakanin Dosso da Maraɗi a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, dole ya so jin wannan albishir. Sai dai ba haka abin yake ba. Kowace busasshiyar iska da aka rufe cikin taya, idan ta ɗauki zafi ƙarfinta na ƙaruwa, kuma ƙaruwar kusan ɗaya ce ga iskar duniya da naitirojin.

Ga lissafin. Tayar tirela yawanci ana cika ta tsakanin bar 8 zuwa 9, wato fam 116 zuwa 130 a awon masu faci na ɓangaren Najeriya, domin bar ɗaya daidai yake da fam 14.5. A ce an cika taya bar 8 da safe iskar ciki na kan digiri 25. Idan aka yi tafiya ta kai digiri 65, geji zai nuna kimanin bar 9.2. Ko iska ce ko naitirojin, abin da za a gani ke nan. Masu ƙera taya sun san da wannan hauhawa, sun kuma yi tayar yadda za ta ɗauke ta.

Zafin taya kuma ba daga iskar ciki yake fitowa ba. Yana fitowa ne daga lanƙwashewar gefen taya duk lokacin da ta juya ƙarƙashin kaya. Idan iska ta yi kaɗan, ko kaya sun yi yawa, ko gudu ya yi yawa, gefen na ƙara lanƙwashewa, wayoyin ƙarfen da ke ciki su yi ta gogayya da roba har su rabu. Daga nan sai fashewa. Akwai kuma zafin birki da ya kama, ko boris da ya bushe, wanda ke bi ta wili ya dafa taya daga ciki.

A nan ne wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin direbobi ke yin ɓarna. Da rana ta take, sai direba ya tsaya ya sa a rage wa tayoyi iska wai kada su fashe. Wanda ya yi haka ya mai da tayarsa mai ƙarancin iska, za ta ƙara lanƙwashewa, ta ƙara zafi, kuma da gari ya waye ta huce sai a same ta ƙasa da awo ƙwarai. Duk kamfanonin taya sun hana rage iska a taya mai zafi. Idan ana tsoron zafi, a samu inuwa a tsaya ta huce da kanta.

Laima: inda maganar ke da ƙamshin gaskiya

Inda masu naitirojin suka fi gaskiya shi ne batun ruwa. Kwamfresa idan ta matse iska, tururin da ke ciki na zama ruwa ya taru a gindin tanki. Idan mai faci bai buɗe ƙasan tankin ya zubar ba, wannan ruwa na bin tiyo ya shiga taya. Ruwa cikin taya mai zafi na zama tururi ya sa awo ya riƙa hawa da sauka fiye da ƙima, yana kuma sa wili tsatsa, idan ya samu kafa ta tsohon faci ya kai ga wayoyin ƙarfe su ma ya cinye su. Naitirojin ta inji a bushe take, ba ta kawo wannan matsala.

Amma akwai abubuwa uku da ya kamata a sa a ma'auni. Na ɗaya, a ƙasashenmu na Sahel tun daga hunturu har zuwa ƙarshen bazara iskar gari a bushe take ƙwarai, matsalar laima ta fi tsanani ne da damina, da kuma a garuruwan bakin teku irin su Kwatano da Lome da Legas. Na biyu, motoci da yawa a yankinmu har yanzu tayoyi masu tub suke amfani da su, a irin waɗannan kuwa iskar na cikin tub, ba ta taɓa wili balle ta sa shi tsatsa. Na uku, maganin ruwan kwamfresa ba ya cin ko dala: a zubar da ruwan tanki kowace safiya. Direba na iya gwadawa da kansa kafin a sa masa iska. Ya ce a saki tiyo bisa tafin hannu ko bisa ƙasa, idan ya ga feshin ruwa ko baƙin mai, ya nemi a zubar da tankin ko ya ƙara gaba.

Me ya sa jiragen sama ke amfani da ita?

Hujjar da masu talla suka fi kawowa ita ce jiragen sama da naitirojin ake cika tayoyinsu. Haka ne, kuma akwai dalili. A ranar 31 ga Maris 1986 wani jirgin kamfanin Mexicana ƙirar Boeing 727 ya faɗi a ƙasar Meziko jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 167 suka mutu. Bincike ya nuna birki ne ya ɗauki zafi fiye da ƙima, tayar da aka cika da iskar duniya ta yi bindiga a cikin ma'ajiyarta, wuta ta tashi. A irin wannan zafi roba na fitar da tururi mai kamawa da wuta, idan ya haɗu da oksijin ɗin da ke matse a ciki sai ya tashi kamar bam. A 1987 hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta naitirojin a tayoyin manyan jirage masu birki. Bayan haka, jirgi na hawa inda sanyi ke kai digiri 50 ƙasa da sifiri, inda ɗigon ruwa cikin taya ke zama ƙanƙara. Tirelar da ke tsakanin Illela da Tawa ba ta shiga wannan hali.

Akwai kuma wani haɗarin jirgi da ya fi kusa da mu, wanda darasinsa ya fi shafar mai mota. A ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 da kamfanin Nigeria Airways ya yi haya daga wani kamfanin Kanada ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an lura da haka tun kwanaki kafin ranar. Masu bincike sun gano cewa gab da tashi makaniki ya nemi naitirojin domin ya ƙara, ba a samu a kusa ba, wanda ke kula da tafiyar kuma bai yarda a jinkirta ba. Nauyin da tayar da ta yi laushi ta kasa ɗauka ya koma kan maƙwabciyarta, suka fashe tun jirgin na gudu a ƙasa, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun da wutar zuwa cikin jirgi. Duka mutum 261 da ke ciki suka rasu, Allah ya jiƙansu. Abin da ya jawo wannan musiba ƙarancin iska ne da kuma gaggawa, abubuwa biyu da kowane mai tirela ya san su a tasharsa.

Lissafin mai tirela

Tirela mai gatari shida, idan tayoyin baya bibbiyu ne, tana da taya 22 ban da safaya. Duk kuɗin da aka yanka wa taya ɗaya sai a ninka shi sau 22. Wannan lissafin farko ke nan. Na biyu shi ne, sau nawa ake kwance taya a wata? Duk tayar da aka yi wa faci a hanya, naitirojin ɗinta ta tafi, da iskar mai faci za a mayar. A kan hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, ko Magarya zuwa Babban Mutum, ko Gaya zuwa Kamba, kwamfresar bakin hanya ce abokiyar tafiya. Bayan wata biyu ko uku, mai mota ba zai iya faɗin wace taya ce ke da me ba, sai dai koren murfi.

Haɗa iska da naitirojin ba ya da wani haɗari, wannan kowa ya kwantar da hankalinsa. Idan tayar da ke da naitirojin kashi 95 ta ragu da bar ɗaya aka cike da iska, za ta koma kimanin kashi 93, ba a yi asarar komai ba. Kuskure mafi muni shi ne direba ya ga tayarsa ta yi laushi ya ƙi ƙara iska wai sai ya isa birnin da ke da inji. Tafiyar kilomita ɗari da taya mai laushi ƙarƙashin kaya ta isa ta gama da ita.

Sai kuma a yi hattara da wani nau'in ciniki. Idan taya na cike da iskar duniya a bar 7, aka ɗora mata bar ɗaya na naitirojin aka sa koren murfi, abin da ke ciki ya tashi ne daga kashi 78 zuwa kashi 80 kawai. An karɓi kuɗi, ba a sayar da komai ba. Kafin a ce taya na da naitirojin sai an sace ta gaba ɗaya sannan a cika. Naitirojin kuma ba ta da launi ba ta da wari, ido ba zai bambance ta da iska ba, sai da ƙaramar na'urar awo da shagon kirki ya kamata ya mallaka. Wanda zai biya, ya nemi a auna a gabansa. Kada kuma a kuskura a yarda wani ya kawo tulun gas na masu walda ya ce duk ɗaya ne. Wancan oksijin ce, idan ta haɗu da maiƙo da zafi a cikin taya tana iya tashi da mutum.

Akwai wuraren da muke ganin naitirojin na iya biyan kuɗinta. Kamfanin da ke da motoci da yawa da garejinsa, wanda zai sayi injin sau ɗaya ya riƙa cika tayoyinsa a gida, lissafinsa daban ne da na mai mota ɗaya. Haka masu tayoyi marasa tub da ke yawan lodi a bakin teku, da safayar da ke rataye wata da watanni ba mai duba ta, da motar da za a ajiye ta daɗe. Idan kuma shago ya ba da ita kyauta ga wanda ya sayi sabuwar taya, a karɓa, ba ta cutarwa. Amma ko motar da ta daɗe a tsaye, kamar ɗaruruwan da suka yi cirko-cirko a Malanbil a 2023 lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Benin, abin da take bukata kafin ta motsa shi ne a bi tayoyinta da geji ɗaya bayan ɗaya, ko da me aka cika su.

An bar jaki ana dukan taiki

Idan muka duba gawarwakin tayoyin da ke zube a gefen kwalta daga Yamai zuwa Damagaram, da wuya a samu wadda irin iskar da ke cikinta ce ta kashe ta. Na farko a masu laifi shi ne lodi fiye da ƙima. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade tan 12 ga gatari guda mai tayoyi bibbiyu, da tan 51 ga tirela mai gatari shida, ita da kayanta. Kowa ya san yadda ake ɗora buhu kan buhu har a wuce wannan nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa mai kaya ne ke matsa wa direba domin ya rage kuɗin mota a kan kowane buhu. Kowace taya an rubuta a gefenta iyakar nauyin da za ta ɗauka da awon iskar da za ta ɗauke shi. Babu iskar da za ta ƙara mata ko kilo ɗaya a kan haka. Ribar buhu hamsin na ƙari, taya biyu da suka fashe da kwana ɗaya a daji sun cinye ta.

Na biyu shi ne rashin geji. Yaran mota sun saba bin tayoyi da sanda ko ƙarfe suna bugawa suna saurare. Wannan na nuna tayar da ta sace gaba ɗaya, amma ba ya bambance bar 8 da bar 6 da rabi. Alhali ƙa'idar masu ƙera taya ita ce, tayar babbar mota da aka yi tafiya da ita alhali ta rasa kashi 20 cikin ɗari na iskarta, a ɗauke ta kamar wadda aka taka a sace, a kwance ta a duba cikinta kafin a sake cikawa, domin wayoyin gefenta na iya tsinkewa su yage ta a fuskar mai sa iska. A ɓangaren mai kuma, an ƙiyasta cewa ragin fam 10 a duka tayoyin babbar mota na ƙara shan gazuwal da kimanin kashi 1 cikin ɗari, wato lita 5 a tafiyar da ke cin lita 500.

Na uku shi ne tayoyi bibbiyu da ba su daidaita ba. Idan ta ciki ta yi laushi, ta waje ce ke ɗaukar kayan su biyu, ita kuma mai laushin tana jan ƙasa tana cinyewa. Ta cikin ce aka fi mantawa da ita saboda bawul ɗinta na da wuyar kaiwa. Haka idan aka haɗa sabuwa da tsohuwa, ko masu tsayi daban.

Na huɗu shi ne tsufa. Tayoyin hannu da ake kawowa daga waje na iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta mutu. A gefen taya akwai jerin haruffa da ke farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ga masani kowace shekara idan ta yi shekara biyar tana aiki, a kuma sauke ta idan ta kai shekara goma da ƙerawa ko da zanenta bai cinye ba. Naitirojin ba ta mai da tsohuwa yarinya.

Abin da muke ba da shawara

Ga mai mota ɗaya ko biyu da ke zirga-zirga tsakanin kasuwannin iyaka, muna ganin kuɗin naitirojin gara a sa shi a geji mai kyau wanda ke kai bar 10 ko fiye, a ajiye shi a mota, a koya wa yaron mota karanta shi. A auna duka tayoyi har da safaya da sassafe kafin mota ta motsa, aƙalla sau ɗaya a mako da kuma kafin kowace doguwar tafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A sa wa kowane bawul murfi saboda ƙura da yashi, a canza bawul duk lokacin da aka sa sabuwar taya. Wanda ke sa iska ya tsaya ta ɓangaren zane, kada ya fuskanci gefen taya, musamman a wili mai zobe. Kada a taɓa yin walda a jikin wili alhali taya na kai, ko da an sace ta.

Ga ɗan kasuwar da haya yake ɗauka, shi ma yana da ta cewa tun kafin a fara lodi. Ya zaga motar ya dubi tayoyin da idonsa, ya tambayi direba ko akwai safaya mai rai da jak da geji. Koren murfi kada ya ruɗe shi, baƙin murfi kuma kada ya hana shi ɗaukar motar da tayoyinta ke da lafiya. Idan direba ya ce kaya sun isa, a saurare shi, idan ya nemi rabin awa domin a daidaita iska kafin a tashi, a ba shi. Rabin awa a tasha ya fi kwana biyu a daji da albasa tana ruɓewa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.